Goran Iri Daga Gure

Daga Damagaram zuwa Yamai babu abin da zan ba da labari sai ciwon baya. A bayan kamyo, wato babbar motar kaya, muka yi tafiyar, bisa ɗaurin fatun awaki, kuma duk inda yashi ya riƙe ƙafar mota sai mu sauka mu tura. Ban yi wa kowa magana ba. Hannuna ɗaya yana kan akwatina, ɗayan yana kan goran da ke rataye a wuyana.

Sunana Mutari, ni ɗan Gure ne. Da na gama lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram aka zaɓe ni zuwa makarantar koyon aikin gona da ke bakin kogi kusa da Kulikoro, a Sudan ta Faransa. An ce kowane ɗalibi ya zo da irin hatsin garinsu. Za a yanka masa fili ya shuka da daminar farko, kuma wannan filin shi ne jarrabawarsa. Wanda gonarsa ta yi kyau ya ci gaba da karatu, wanda tasa ta ɓaci a sa shi a hanyar gida.

Babana bai so tafiyar ba, ko da yake bai taɓa faɗa da bakinsa ba. Shi ba mai magana ba ne, ni ma shi na ɗauko. Ranar da na je sallama na tarar ya riga ya cika gora da gero, ya zuba toka saboda ƙwari, ya toshe bakin da tsumma ya shafe da ƙaro. Ya miƙo mini ya ce, "Kar ya sha ruwa." Iyakar abin da ya ce ke nan. Na daɗe ina juya maganar a hanya, ina neman ko akwai wani abu a cikinta ban da gero, ban samu ba.

A Gawo aka fara koya mini zaman duniya. Wata motar ta sauke mu a bakin kogi, inda za mu jira jirgin ruwa mai hayaƙi. Tun daga Yamai ban ji Hausa sosai ba, sai Zabarmanci da wasu harsunan da ban ma san sunansu ba. Ina zaune a kan akwatina sai wani mai jar hula ya tsaya a kaina.

"Ɗan'uwa, daga ina?"

Na ce daga Gure.

"Gure ta dabino? Ai kawuna ya yi fataucin kanwa a can. Sannu da hanya. An auna maka kaya?"

Na ce ban san ana aunawa ba.

"To da ka kwana a nan. Ba mai shiga jirgi sai an auna. Kawo in kai maka, mai awon abokina ne." Ya ɗora akwatin a ka, ya miƙo hannu wajen wuyana. "Kawo goran ma."

"Wannan a jikina yake."

"Zinariya ce a ciki?"

"Gero ne."

Ya yi dariya har ya dafa kafaɗata, ya ce in jira shi a inuwa. Ya bi ta bayan tarin gishirin da aka jingine, ni kuwa na zauna ina jin daɗin na sami ɗan'uwa. Inuwa ta tashi daga inda nake ta koma wani gefe, bai dawo ba. Da na tambayi wani gardi ofishin awo, ya dube ni tun daga hula har takalmi ya ce babu wani ofishin awo a nan.

A cikin akwatin akwai bargona, da riga biyu, da guzurin da Inna ta haɗa mini na dabino da garin gero. Akwai kuma littafin aljabra da aka ba ni kyauta a lakwal. Kunya ta hana ni kuka a gaban mutane, amma littafin ne ya fi yi mini ciwo. Abin da ya rage mini sai takardar shiga jirgi da ke aljihu, da goran. Da na natsu na gwada kaina, na ga kusan duk abin da ke cikin littafin yana nan a kaina, har da inda tawada ta zuba a shafin farko. Wannan ya ɗan kwantar mini da hankali.

Mu talakawa a wani faffaɗan jirgin ƙarfe aka zuba mu, wanda babban jirgin ke ja a baya. Na sami wuri kusa da wata dattijuwa mai kai tabarmi Mobti. Sunanta Hamsatu, mutuniyar Gawo ce, amma uwarta 'yar garin Tawa ce, saboda haka tana jin Hausa irin ta yamma. Yini ɗaya ta yi tana kallona, a na biyu ta kasa haƙuri.

"Kai ɗan lakwal, azumi kake yi ko rowa?"

Na ce ba ko ɗaya, Inna.

"To ina abincinka?"

Na gaya mata labarin mai jar hula a taƙaice. Ba ta yi mamaki ba, ta ce ta san shi, wani lokaci kawunsa a Agadas yake fatauci, wani lokaci a Kano. Wani matashi da ke sauraronmu ya nuna goran ya tambayi abin da ke ciki. Da ya ji gero ne ya ce ai ga turmi can wajen matan matuƙa, a daka mini in dama, in ba su ragowa. Sauran suka goyi bayansa. Cikina ma ya goyi bayansa.

Inna Hamsatu ta karɓi goran ta girgiza shi kusa da kunnenta, ta shinshina bakin. "Toka nake ji. Iri ne?"

"Iri ne."

Ta mayar mini da shi, ta juya ta yi wa matashin wata magana da harshensu wadda ta sa kowa dariya ban da shi. Daga nan ta buɗe ƙwaryarta ta tura mini shinkafa da busasshen kifi. Ni mutumin tudu ne, kifi bai saba da ni ba, ƙaya ta tsaya mini a maƙogwaro sau biyu. Ta ce, "Ci a hankali, ɗana, ba mai ƙwace maka. Wanda zai ƙwace ya riga ya ƙwace."

Ban taɓa zaton akwai ruwa a duniya kamar wanda na gani a wannan tafiya ba. Mun shiga wani wuri inda kogin ya buɗe har ba ka ganin gaɓa ko ta ina. Na tuna rijiyarmu, yadda ake jan guga har igiya ta ci tafin hannu kafin a cika tulu ɗaya, na tuna kwarinmu da dabinonsa da goruba, sai na ji kewar gida ta kama ni kamar zazzaɓi. A wurin ne iska ta taso da rana tsaka, ruwa ya dinga tsallakowa cikin jirgin. Kowa ya rungumi kayansa. Na cusa goran cikin rigata, amma rigar ta riga ta jiƙe. Inna Hamsatu ta fizge shi, ta juye abin da ke cikin tukunyarta ta ƙarfe, ta sa goran a ciki, ta rufe, ta zauna a kai. Haka ta zauna har iska ta kwanta, tabarminta na shan ruwa. A Mobti ta sauka. Ta bar mini wani tsohon bargo, ta ce in ban so ba in ba mai jar hula idan mun haɗu.

Makarantar tana kan wani fili mai jar ƙasa, da itatuwan mangwaro a jere. Yawancin ɗalibai Bambaranci suke yi a tsakaninsu, ni kuwa sai Faransancin aji. Wanda ya fara kula ni shi ne Seku, ɗan Segu, mai gado kusa da nawa. Ya ga na rataye goran a ƙusa bisa kaina, ina sauke shi kowace safiya in duba bakin, sai ya sa mini suna Gora. Har na bar makarantar da yawa ba su san sunana na yanka ba.

Malamai biyu ne suka shafi labarina. Na gona Bature ne, muna ce masa Mai Lofe a bayan idonsa, don lofen taba ba ya barin bakinsa ko da babu wuta a ciki. Ba mugu ba ne, amma yana son komai ya tsaya a layi. Na lissafi kuwa Mushe Jop ne, mutumin Senegal, siriri mai yawan tari, wanda alli ya ɓata masa kowace riga.

Da ruwa ya sauka na fasa ƙaron, na shuka. Kusan kowane rami ya tsiro, na ji daɗi ƙwarai. Amma da gero ya fara fitar da kai sai abin ya bayyana. Gonakin abokaina sun tashi bai ɗaya kamar an yi musu aski. Tawa kuwa wani ya yi sama, wani ya tsaya a ƙasa, wani ya nuna har tsuntsu ya fara sauka, wani yana fure. Seku ya ce gonata ta yi kama da bakin kakarsa.

Ni ban damu ba, don na san dalili. A gidanmu iri biyu muke da shi. Akwai ankutes mai gajeriyar zangarniya, mai saurin nuna, akwai ba'angure mai doguwa, wanda ke son ruwa ya ɗan daɗe. Baba yana cire irin gajeren daga gonar tudu, na dogon daga wata 'yar gona a bakin kwari, nesa da juna, kowanne a daminsa. Sai ranar shuka yake garwaya su a ƙwarya, ludayi biyu na gajere, ɗaya na dogo. In ruwa ya ɗauke da wuri gajeren ya ciyar da gida, in ya daɗe dogon ya cika rumbu. Tun ina ƙarami nake ganin haka.

Mai Lofe ya zo zagaye gab da girbi, ya tsaya a bakin gonata ya daɗe.

"Wannan mene ne?"

"Gero ne, Mushe."

"Na san gero ne. Me ya same shi?"

Na yi masa bayani kamar yadda na iya. Iri biyu ne, na ce, kashi biyu gajere, kashi ɗaya dogo, da gangan aka haɗa.

"Duk wanda gonarsa ta ɓaci yana da labari," in ji shi. Ya shiga ciki ya karyo wata zangarniya, ba doguwa ba, ba gajera ba, ya miƙo mini. "Wannan wanne ne?"

Na juya ta a hannuna. A Gure da na faɗa nan take. Amma ruwan ƙasar nan ya ja gajeren ya yi tsawo, wasu dogayen kuma sun tsuke, duk sun haɗu a tsakiya. Na ce ban sani ba. Ya karyo wata, ita ma ban sani ba.

"Ka gani? Iri ɗaya ne da ya lalace, kowace zangarniya da tsawonta. Ka shuka shi ba ka tace ba, ba ka kuma gane ba. In ka iya nuna mini biyu ne kafin a ɗaure hatsin makaranta a rumbu, to. In ba haka ba, jirgin da ya kawo ka yana nan."

Na yi tunanin komawa Gure hannu wofi, da ni da bargon Inna Hamsatu, in gaya wa Baba an ce irinsa lalatacce ne. Wannan ne ya kai ni ƙofar Mushe Jop, wurin da kunya ba ta taɓa barina na je ba. Na tsaya a bakin ƙofa har ya ɗago kai da kansa.

"Gora, shigo. Ƙofar ba ta da tambaya, kai ke da ita."

Da ya gama ji ya yi tari, ya tashi ya ɗauki alli. Ya ce matsalata ita ce ina son in san kowace zangarniya ta wane iri ce, kuma wannan ba zai yiwu ba. Amma ba shi ake tambayata ba. Tarin gaba ɗaya ake tambaya, shi kuwa tari yana iya faɗin abin da zangarniya ɗaya ba za ta faɗa ba.

"Me ka jahilta? Ƙirga mini."

Na ce kason kowane iri, da matsakaicin tsawon gajeren, da matsakaicin tsawon dogon.

"Saura ɗaya. Ko a iri ɗaya zangarnu ba su zama daidai, suna bazuwa kewaye da matsakaicinsu. Mu ɗauka bazuwar iri biyun ɗaya ce. Huɗu ke nan. To nemo mini abu huɗu da za ka iya aunawa."

Ya nuna mini su ɗaya bayan ɗaya. Na farko matsakaicin tarin duka. Sai a ɗauki tazarar kowace zangarniya daga wannan matsakaici. In aka ninka tazarar da kanta aka tara, za ta faɗi faɗin bazuwar tarin. In aka ninka ta sau uku, za ta faɗi gefen da tarin ya ja wutsiya, wajen gajeru ko wajen dogaye. In aka ninka sau huɗu, za ta faɗi ko tarin mai tsini ne ko mai shimfiɗaɗɗen kai. Kowanne daga cikin huɗun nan ana iya rubuta shi da haruffan abubuwa huɗun da na jahilta. Daga nan sai aikin aljabra: a yi ta kawar da haruffa ɗaya bayan ɗaya, har a rage da layi ɗaya mai harafi ɗaya, wanda aka ninka sau uku.

"Wace amsa za ka ɗauka in ya ba ka fiye da ɗaya?" ya tambaye ni.

Na duba allon. Harafin da ya rage shi ne tazarar gajeren an ninka da tazarar dogon. Ɗaya yana ƙasa da matsakaici, ɗaya yana sama. Na ce wadda ke ƙasa da sifiri.

Ya ajiye allin ya kaɗe hannu. Ya ce wani masanin lissafi a Turai ya taɓa yin irin wannan da ƙaguwar teku, amma shi bai yarda bazuwar ɗaya ce ba, sai layinsa ya kai ninki tara, ya warware shi da hannu. Na ce ban taɓa ganin ƙaguwa ba. Ya ce ban yi asarar komai ba. Sannan ya ja mini kunne: lissafin nan yana iya ba ni iri biyu ko da tsakuwa na auna masa. In na sami amsa, in sake gina tarin da ita a takarda, in ɗora a kan wanda na auna, in ga ko sun hau juna.

Na girbe gonar da kaina. Daga kowane tushe na ɗauki zangarniyar uwar kara kaɗai, don kada mai yawan 'ya'ya ya rinjayi ƙidaya. Na shimfiɗa su a rumfar awo, na bi su da ma'aunin santimita. Aikin ninkawa ne ya fi cin rai, musamman na sau huɗu, inda lambobi ke tsawo har su fita daga layi. Kowane tari na yi shi sau biyu, daga sama zuwa ƙasa, sannan daga ƙasa zuwa sama.

Tun a ninki na uku na ga alamar da ban so ba. Wutsiyar tarin wajen gajeru ta ja, abin da ke nufin gajerun ne marasa yawa. Na ci gaba. Da na warware layin ƙarshe, tsawo biyu suka fito sarai, da tazara mai kyau a tsakaninsu, kuma da na sake gina tarin ya hau kan wanda na auna. Amma kason ya fito a juye: kusan kashi biyu dogo, kashi ɗaya gajere. Kishiyar abin da na faɗa wa Mai Lofe da bakina.

Seku ya leƙo takardar. "To mene ne abin ɓata rai? Musanya su. Wa zai bi waɗannan lambobin naka? Ko Mushe Jop sai ya sha magani."

"In na musanya, tarin ba zai hau ba."

"Gora, jirgi fa ake magana."

Na ce na sani. Na sake bin lissafin tun daga farko, ban sami kuskure ba. Na yi tunanin ko ruwa ne ya kashe gajeren, amma ai kusan duk ramuka sun tsiro, kuma lokacin ragewa tsiron duka kama ɗaya ne, ban zaɓa ba. Ban san dalili ba, amma na san abin da ke cikin tarin nan. Shi na kai.

Mai Lofe ya karanta a tsaye, Mushe Jop yana gefe yana tari.

"Bakinka ya ce biyu gajere. Takardarka ta ce biyu dogo. Wanne ke ƙarya?"

"Bakina ya yi kuskure, Mushe. Abin da na saba gani na faɗa. Wannan goran ba a gabana aka cika shi ba."

"Kuma kana so in yarda da takardar."

"Ina so ku gwada ta."

Ban san inda na samo wannan maganar ba. Ya cire lofen daga bakinsa ya dube ni, kamar yau ya fara ganina. Ya ce to. Ya shiga ɗakin ajiya shi kaɗai ya rufe ƙofa, ya kwance damman iri biyu na makarantar waɗanda tsawonsu ke shiga juna, ya garwaya su tari guda. Da ya fito ya nuna mana gwangwanin tabarsa a rufe. Ya ce akwai wake goma a ciki, fari na dogon iri, ja na gajere, daidai da yadda ya haɗa. Ya sa gwangwanin a aljihu.

Wannan karon ban ji tsoro ba. Aikin na riga na san shi, hannuna ma ya saba. Na auna, na ninka, na tara, na warware. Amsar ta faɗo tsakanin bakwai da takwas, ta fi kusa da bakwai. Na koma na same shi a bakin rumbu, ɗalibai suna ɗaure hatsi, duk suka tsaya da aiki.

"Bakwai fari, uku ja," na ce. "In na kuskure, to takwas ne da biyu. Ba zai wuce haka ba."

"Ɗaya za ka zaɓa."

"Bakwai."

Ya buɗe gwangwanin ya juye a tafin hannunsa. Seku ne ya matso ya ƙirga fararen da ƙarfi, da Bambaranci, har ya kai bakwai. Mai Lofe ya mayar da waken, ya cusa taba a lofensa, ya kunna, abin da ba mu cika gani ba.

"Ka zauna," in ji shi. Ya juya zai tafi, ya sake tsayawa. "Kada a zuba geronsa cikin na kowa, a ware shi. Kai kuma in ka je gida ka tambayi tsohonka me ya sa ya juya awonsa. Ina son in ji."

Sai da babban hutu ya zo na sami komawa. A Gawo na duba ko zan ga mai jar hula, a Mobti na tambayi Inna Hamsatu, ban sami ko ɗaya ba. Na iso Gure ruwan shuka bai sauka ba tukuna, amma gabas ta fara haɗa hadari. Bayan an gama gaishe-gaishe na tarar da Baba a bakin rumbu da ƙwarya a gabansa, da buhu biyu ƙanana, yana shirin iri. Na tsuguna gefe ina kallo. Ludayi biyu na gajere, ɗaya na dogo, kamar kullum.

"Baba, wanda kuka ba ni ba haka kuka auna shi ba."

Hannunsa ya tsaya. "Wa ya gaya maka?"

"Ba kowa. Na auna."

"Ƙwaya ka ƙirga?"

"Zangarnu na auna, na yi lissafi. Biyu dogo, ɗaya gajere."

Ya dubi ƙwaryar. Sannan ya ce, "Lissafin ya gaya maka dalili?"

"A'a. Yawa kawai ya faɗa."

Sai ya ba ni labari, kuma ban taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Da aka ce za a tura ni, bai san ko ina ne Kulikoro ba. Ya dinga zuwa zango duk ranar da ayarin masu tafiya Makka a ƙasa ya sauka, yana tambaya ko akwai wanda ya fito daga wajen. An yi ayari uku babu. A na huɗu ya sami wani tsoho mutumin Segu, aka nemo mai fassara, ya kai masa ƙwaryar nono. Ya tambaye shi yaushe ruwansu ke sauka, yaushe yake ɗaukewa, ƙasarsu yashi ce ko laka. Tsohon ya ce a can ruwa yana daɗewa har bangon ɗaki ya yi kore.

"Na ce in na ba ka awon tudunmu, gajeren zai nuna cikin ruwa ya ruɓe, a ce ɗana bai iya noma ba," in ji Baba. "Shi ne na juya."

Na tuna yadda na yi ta juya maganarsa ta ranar sallama ina neman wani abu a ciki, ashe a wuyana yake rataye tun daga Gure har Kulikoro.

"Ya yi?" ya tambaya, bai dube ni ba.

"Ya yi, Baba. An ware shi daban."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗaga ido ya dubi gabas, sannan ya miƙo mini ludayin ya tura ƙwaryar gabana.

"To auna mu gani, mai lissafi."

Na zuba biyu na gajere, ɗaya na dogo, na sa hannu na garwaya.